Yadda Za Ka Ɗora wa Rana Laifin Karkatacciyar Shuka

Kai direban tarakta da layukan wakenka suka fito kamar sawun maciji, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin babu mai kama ka. A wurin Jocimar na koye su, shekara shida muna tuƙi tare a gonar Dona Zuleica a nan Mato Grosso.

1. Kada ka ambaci barci

Jocimar ya ci gasasshen nama ya yi nak, ya kife a kan sitiyari, gwiwarsa ta kashe na'urar da ke saita tarakta da tauraron ɗan Adam. Hekta arba'in ta karkace.

2. Ɗaga kai sama

Dona Zuleica ta iso tana huci: "Jocimar, wannan shuka ce ko zanen mahaukaci?" Ya ƙanƙance ido ya dubi sama.

"Ranki ya daɗe, rana ce ta yi aman wuta. Iskarta ta bugi maganaɗisun duniya, na'urar ta ruɗe."

Hakan na faruwa da gaske. Ran nan ne dai bai faru ba, amma wa zai bincika?

3. Karɓi girma

Ta yarda, har ta ce daga yau shi zai riƙa cewa a fita shuka ko a zauna. Idan ka samu haka, lashi yatsa ka ɗaga, kurɓi gahawa, girgiza kai. Kada ka kuskura ka duba hasashen da masana ke fitarwa a waya. Karatu aikin marasa baiwa ne.

4. Raina mai gargaɗi

Wata Alhamis, Dalva mai kula da na'urori ta miƙo masa waya. "Duba fa, sun ce guguwar rana za ta iso yau."

"Ke Dalva, tun ba a haife ki ba nake kallon rana. A fita!"

Tarakta tara suka fita. Guguwar kuwa ta iso da gaske, na'urorin suka ruɗe. Kafin yamma layukan hekta ɗari uku sun zama taliya, ga iri ya ƙare, ga damina na wucewa.

5. Rantse

Jocimar ya ce, "Ranki ya daɗe, na rantse wannan karon rana ce!"

Dona Zuleica ta cire tabarau a hankali. "Wannan karon? To wancan karon fa?"

Yanzu kankana Jocimar ke sayarwa a bakin titi. Duk wanda ya bi matakan nan ya same shi a can, kada ya nemo ni. Ni tuƙi kawai na iya.