Hular da Ta Faɗo Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na hau jirgin sama ba, ana saura kaɗan a sami 'yancin kai. Lokacin ina malamin dabbobi a ƙarƙashin wani Bature likitan shanu, mai ɗan jirginsa na shan iska, kujera biyu, ba rufi. Da ya ce zai ɗauke ni, na bi unguwarmu, Ƙofar Atiku, gida-gida ina shelar kowa ya dubi sama da hantsi (har kurma sai da na yi wa nuni da hannu).

Mahaifinmu kuwa ya daɗe a kwance. Da safen yayana Bello ya tare ni a zaure ya ce, "Kak ka tai. Jikin tsoho ya yi nauyi." Na ce yanzu zan dawo. Gaskiya so nake tsohon ya ji ƙarar jirgi, a ce masa ɗansa ne a ciki, don bai taɓa ɗaukar aikina da daraja ba.

Muka daɗe muna shawagi a kan fadama kafin na roƙi Baturen mu bi ta unguwarmu. Sai ga jama'a cike da ƙofar gidanmu, a tsaitsaye, sahu-sahu. Daɗi ya kashe ni. Na ce a raina, ashe haka ake ji da ni! Na sa ya yi ƙasa-ƙasa har sau biyu, na cire hulata ina kaɗawa ina washe baki. Ba wanda ya ɗago kai. Iska ta fizge hular.

Ko da na iso gida har an dawo daga maƙabarta. Sallar gawar mahaifina ce na yi wa shawagi. An ce sai da liman ya ɗaga murya saboda na baya ba sa jin kabbara.

Bello bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. A gaban masu ta'aziyya ya miƙo mini hular, duk ƙasa.

"Ga hulakka. Ita dai ta samu sallar."

Tun daga ranar, in na hango taro, ko a ƙofar ɗakina ne, sai na tambayi wa ya rasu kafin in yi murmushi.