Dokin da Ya Ƙi Tuwo

Wani ne a Gagarawa. Ko Sule Tankarkar ce? Oho, na dai kwana biyu a garin, kuma furarsu da daɗi.

Samarin garin suna da ƙungiyar koyon kiwon doki. Wani dattijo, Kawu Mati, shi ke koya musu. Akan ba mutum doki ya riƙe wata guda. In ya yi ƙiba a bar masa, in ya rame a karɓe, a kuma yi ta yi masa dariya har kasuwar Maigatari.

Mutumin nan ya shiga, aka ba shi wani jan doki. Kawu ya ce, "Ku ji, yara. Ruɓaɓɓen abinci ko mai ƙasa, ban yarda ba. Abin da ba za ka iya sawa a bakinka ba, kada ka ba doki."

Mutumin ya isa gida ya ɗaure doki a turke. Ya ɗebi harawa ya tauna, ya tofar. Ya gwada dusa, ta shaƙe shi.

Ya ce da matarsa, "Murja, kwashe wannan shara! Tuƙa wa baƙo tuwo."

Ta ce, "Wane baƙo?"

"Ga shi can yana kaɗa jela. A sa man shanu."

Aka kai tuwo. Doki ya sansana, ya kau da kai.

"Kunya yake ji," in ji mutumin. Ya zauna ya cinye, don kada a yi asara.

Washegari shayi da burodi. Rana ta uku tsire. Doki bai taɓa ba, mutumin bai bari ba. Kafin mako biyu rigarsa ta ƙi shiga.

Shi kuwa doki, da yunwa ta ishe shi, sai ya tsinke igiya ya fara da zanan da ya kewaye gidan. Ya gama, ya koma kan jinkar madafi. Daga nan tabarmar Murja, da faifanta, da... me ma? Yawwa, rufin rumbu, har da geron da ke ciki.

Ranar dubawa Kawu Mati ya zo da samari. Bai sami inda zai yi sallama ba, don ba ƙofa, ba danga. Ga Murja zaune a fili ta yi tagumi. Ga doki yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Kawu ya shafa wuyansa, ya duba kofato. Ya ce, "Tubarkalla! Ku gani, yara, wannan shi ne kiwo. Doki ya zama naka. Duk abin da kake ba shi, ka ci gaba da ba shi."

Mutumin ya ce, "To Kawu, gobe a gidan wa zai ci? Namu ya ƙare."