Ranar da Ma'u Ta Yi Mini Tafinta

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanen matata ba, a wani ƙauye can bayan Kurfi.

Ni malamin firamare ne a Dutsin-Ma. Matata Dije Bafillatana ce, ni kuwa ban da gaisuwa babu abin da nake ji a Fillanci. Da 'yarmu Ma'u ta kai shekara biyu, sai na lura maganarta a gauraye take fita. Ta zo ta ce, "Abba, ba ni ndiyam," wai ruwa take so. Ga shi kuma 'ya'yan maƙwabta sun fi ta surutu. Nan take na yanke hukunci cewa yare biyu sun yi wa ƙaramar ƙwaƙwalwa yawa. (Ba wanda ya faɗa mini haka. Ni na haifi wannan ilimi da kaina, na kuma raɗa masa suna.)

Na kira Dije na kafa doka: "Daga yau kar in ƙara jin Fillanci a gidan nan. Lalata wa yarinya ƙwaƙwalwa yake yi."

Ta dube ni ta ce, "To, Malam."

Daga nan duk lokacin da kalma ta suɓuce wa Ma'u sai in zare mata ido. A hankali ta daina yawan magana a gabana. Maimakon in gane tsorona take ji, sai na ɗauka ɓarnar da aka riga aka yi ce ba ta gama warkewa ba.

Tana da shekara huɗu muka je bikin. Bayan an shafa fatiha muka zauna a zauren surukina, Baffa, tsoho mai kwarjini wanda ba ya magana sau biyu. Shi ne ya tsaya mini lokacin da danginsa suka ce ba za a ba Kaɗo, wato Bahaushe, 'yarsu ba, don haka babu mutumin da nake jin nauyi kamarsa. Dattawa sun cika zauren, an kawo fura da nono, sai ga Ma'u ta shigo ta laɓe a bayana.

Baffa ya kira ta da Fillanci. Ta ɗaga kai ta kalle ni, ta yi shiru. Ya sake kira. Shiru. Hirar zauren ta tsaya cak.

"Malam," in ji Baffa, "jikata ba ta jin yarenmu ne?"

Nan ya kamata in sunkuyar da kai in ba da haƙuri. Ina! Sai malantar ta motsa. Na gyara zama na shiga bayanin yadda yare biyu ke rikita yaro, har da kwatance da hannu. Da na ga fuskar Baffa tana ɗaurewa, sai na nemi mafaka: "Ai likita ne ma ya ce a dakatar."

Na manta shaf cewa Usman, yayan Dije, ma'aikacin lafiya ne, kuma ga shi zaune kusa da ni.

"Wane likita ke nan?" in ji shi. "A wane asibiti?"

"Wani ne... ya ma bar garin."

Baffa ya ɗebo fura a ludayi ya miƙo wa Ma'u, ya yi mata wata 'yar magana da Fillanci. Yarinyar nan ta fito daga bayana, ta haye cinyarsa, ta kurɓi fura, sannan ta buɗe baki.

Jama'a, Fillanci ne ya dinga zuba kamar an kunna famfo. Ba gargada, ba in'ina. Dattawa suka fara murmushi, can kuma murmushin ya ɗauke, idanu suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina ta washe baki ina gyaɗa kai (kamar wanda ya san abin da ake ciki).

Da abin ya ishe ni na ce, "Me take cewa ne?"

Kowa ya kau da kai. Ma'u ce ta juyo, ta amsa da Hausa tsantsa, wadda ko ni ba zan gyara mata harafi ba:

"Abba, ce wa Kaka na yi ya rage murya. Na ce kai ka ce yarensu yana lalata ƙwaƙwalwa, shi ya sa ni da Umma sai ka tafi makaranta muke yi. Kuma na ce ni ba a kai ni wurin likita ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na yi mata godiya.

Baffa ya dube ni ya ce, "Malam, kai yare nawa kake ji?"

"Hausa da Turanci, Baffa. Sai ɗan Larabci."

"To taka ta lalace ne?"

Na ce, "Da alama, Baffa."

Wani tsoho ya ƙware da fura, zauren ya ɓarke da dariya. Na durƙusa na nemi gafara, Baffa ya ce ya yafe, amma in je in nemi ta Dije.

Da muka fito Usman ya ja ni gefe. Ya ce gauraya yare ba ciwo ba ne, yaro in ya rasa kalma a wannan sai ya aro a wancan, kuma da kansa yake rarrabewa in ya girma. "Yarinyar da ta san wa za ta yi wa wane yare, ta kuma ɓoye wa malamin makaranta sirri shekara biyu," in ji shi, "ba ita ce mai matsala ba."

A hanyar Dutsin-Ma Dije sai danne dariya take yi, kafaɗunta na rawa a cikin mayafi. Kafin mu isa gida na soke dokar.

Abin da na koya? In za ka yi ƙarya, kada ka yi ta a gaban yaro mai yare biyu. Sau biyu zai tona maka asiri, kuma na farkon kana zaune kana gyaɗa masa kai.