Ranar da Na Ci Gumbar Mutuwata

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ci gumbar sadakar mutuwata ba. Amma bari in fara gyara zance, don har yanzu akwai tsofaffi a Bukkuyum da za su rantse maka cewa 'yan ruwa ne suka ɗauke ni suka maido. Ba haka aka yi ba. Ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Jirgin sama na hau, kuma gajen haƙurina ne ya kai ni.

Ban daɗe da gama sakandare ba a lokacin. Kawu Bawa, ƙanin Inna, yana sana'ar jar fata. Yayana Sani ya aiko daga Ikko cewa akwai wani baƙo da ke sayen jakunkunan fata don kantunan masu yawon buɗe ido, amma ranar Juma'a zai bar ƙasar. Ƙafar Kawu ta kumbura, ni ce mai Turanci a gidan, sai aka ɗaure mini samfurin kaya a ƙunshi. Inna ta raka ni har gindin mota tana tofa mini addu'a.

Ba mu yi nisa ba motar ta tsaya a bakin gulbi. Ruwa ya shafe hanya, direba ya ce sai ya janye. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, direban ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota ya kama minshari. Ni kuwa na taɓa cin muhawara a makaranta kan amfanin jirgin sama ga kasuwanci (ban taɓa ganin sa ba sai can sama kamar ƙuda, amma na ci). Na sungumi ƙunshin fata, na ce wa tsohuwar da ke kusa da ni ta gaya wa direba na fasa, ya mayar mini da akwatina da babban mayafina gida. Ta gyaɗa kai. (Ashe gyangyaɗi take yi.) Na tari a-kori-kura mai bin wata hanyar zuwa Gummi, daga nan sai Sakkwato inda ake hawa jirgi.

Duk abin da na faɗa a muhawara ya tabbata. Na karya kumallo a Sakkwato, na yi azahar a Ikko. Baƙo ya shafa fata, ya shinshina, ya ce yana so, har yana son ya kawo mutanensa su ga inda ake jimar fatar. Yaya Sani ya sake saka ni a jirgi. Matsala ɗaya, kunnuwana sun toshe a sama, sun ƙi buɗewa.

Haka na sauka daga motar Sakkwato a Bukkuyum da rana tsaka, an ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na tururi. Garin tsit. Ina ganin bakin awaki na motsi, ba na jin kukansu. Wata mata ta fito da tulu, ta gan ni, ta ajiye tulun a hankali a tsakiyar hanya ta koma ciki da baya da baya. Mai tireda ya rufe fuska da hularsa. Na ce a raina, hassada ce, sun ji na hau jirgi.

A gindin tsamiya na tarar da wata tsohuwa baƙuwa, mutuniyar Zugu, tana hutawa da gumba a ƙwarya. Ta miƙo mini. Yunwa nake ji, na karɓa, na kara kunnena kusa da bakinta.

"Ci, ɗiyata, sadaka ce. Ki yi mata addu'a."

"Wa ya rasu?"

"Wata yarinya, gulbi ya ci ta. An ce 'yar boko ce, ba ta zama wuri guda, ba ta barin babba ya ƙare magana."

"Allah ya jiƙanta," na ce, bakina cike. "Ai irinsu ba su jin magana."

Na ƙara da dunƙule na biyu. Gumbar ta ji zuma.

Da na karya kwana sai na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune jere. Na ce a raina Kawu ne ya rasu. Sai ga Kawu zaune a tsakiya da kumburarriyar ƙafarsa, ana yi masa gaisuwa. Ya ɗago, carbi ya zame daga hannunsa. Mutanen suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli fuskata, duk ƙafafuna suke kallo. To in ba Kawu ba ne, saura wa? Na yi cikin gida a guje ina kiran Inna.

Abin da na fara gani mayafina ne, shanye a igiya, duk laka. Daga baya na ji yadda aka yi: motar ta gwada ƙetarewa ruwa ya kifar da ita, masunta suka tsamo kowa, aka duba babu ni. Aka tsinci mayafin a reshe can ƙasan gulbi. Sarkin ruwa, shugaban masunta, ya yi nema ya gaji, ya ce ruwa ya riƙe ni. Har salla an yi mini ba gawa.

Gwaggo Hassi, yayar Baba, ta ƙwala ihun da ya buɗe mini kunne ɗaya. Mata suka manne a jikin bango. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, idanu sun kumbura, tana kallona ba ta motsa ba. Na miƙa hannu, ta janye ƙafarta. Wannan janyewar ta fi komai ba ni tsoro.

"Ina kinka tahi?" in ji Gwaggo.

"Ikko! A jirgin sama!"

"Ikko da dawowa kwana ukku? Haka 'yan ruwa suka yi wa mutum, su nuna mishi birni."

Maimakon in yi shiru, sai na tsaya kawo hujja. Na ce wurin sanyi ne ƙalau, ba ka jin ƙasa a ƙafarka, ko'ina fari fat, ga wasu mata dogaye suna ta murmushi suna raba abinci.

"Kin ci abincinsu?"

"Na ci mana, har na nemi ƙari."

Salati ya tashi. (A wurinmu wanda ya ci abincin 'yan ruwa ya zama nasu, na san haka sarai, bakina ne ya riga hankalina.) Da na ga abin na lalacewa sai na koma muhawarata, ina yi wa masu makokina bayanin yadda jirgi zai kawo baƙi su sayi fata. Gumba na hannuna.

Aka kira liman. Ya tsaya daga bakin zaure, ya ce in mutum ce ta karanta Ayatul Kursiyyu. Na fara da ƙarfi, irin na mai takardar sakandare. Ina kai tsakiya na maƙale. Na koma farko, na sake maƙalewa a wurin. Liman ya ja da baya. Gwaggo ta ɗauki takalmanta.

Sai Inna ta miƙe.

"Ita ce," ta ce. "Tun tana ƙarama nan taka tsayawa. Ba bulalar da ba ta sha ba, nan taka tsayawa."

Ta rungume ni tana kuka, tana dukan bayana, rabin gari na kallo. Da a ce na karanta daidai, ban san ranar da za ta taɓa ni ba.

Abin da na koya, jirgin sama yana da amfani ƙwarai, amma yakan kai mutum inda labarinsa bai kai ba, don haka ka tabbata wanda ka bar wa saƙo idonsa biyu. Kawu ya ce akwai kaya na biyu da za a kai bayan wata, Inna ta ce ba inda za ni. Na ce za ni, kuma a sama. Amma washegari da hantsi na tafi wurin matar liman, na zauna a tabarmarta, na ce mu fara daga tsakiya.