Kofunan Ustaz Nadim

Duk unguwar Ashrafiya, kai, duk Beirut, babu wanda ya san kofi kamar Ustaz Nadim Shalhub. A can duk ɗan boko Ustaz ake ce masa. Shi da bakinsa ya sha faɗar gwanintarsa. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofishi, amma abin da ya mai da shi mutum, in ji shi, mako uku ne da ya taɓa yi a Faris. Maƙwabta suka laƙaba masa Farfesan Tambulan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya zaci karramawa ce.

A falonsa akwai kabad na gilashi, makullin yana aljihunsa. Kowace giya da kofinta: mai dogon wuya, mai baki kamar mazurari, gajere mai kaurin gindi. Matarsa Madam Wadad ta taɓa shan ruwa da mai dogon wuyan, ya yi kwana biyu bai kula ta ba. Ta gaya wa ƙawayenta tun aurensu ba ta taɓa hutawa haka ba.

Da wani tsohon jakada, Fu'ad Tabit, ya tare a hawa na shida na benensu, Farfesa ya kasa zaune ya kasa tsaye, don ya ji duk Asabar manyan gari a can suke taruwa. Ya rantse sai ya shiga cikinsu. Ya shirya liyafar haɗa giya ranar Lahadi da yamma, ya aika wa jakada kati ta hannun maigadi. Kwana huɗu yana zagaya kantunan unguwar Hamra, yana ƙyasta kofuna da farce, yana kasa kunne kamar likita a ƙirjin majinyaci. Ya sayo farar kwat da baƙin ɗan ƙullin wuya.

Ranar, baƙi suka iso da ƙishirwa, ya tarbe su da lacca.

"Jama'a, kofi ba mazubi ba ne, tarbiyya ce. Ni daga riƙon kofi nake gane asalin mutum."

Nan take ya fizge kofi daga hannun wani maƙwabci mai kantin magani, wai ya damƙe shi kamar wuyan kaza. Rabin awa yana awo, yana girgizawa, yana feraye ɓawon lemun tsami, mutane suna haɗiyar yawu.

Wadad ce ta buɗe wa jakada ƙofa. Farfesa ya hango shi, amma bai je tarbarsa ba. A ganinsa gara gwanintarsa ta fara gabatar da shi. Ya haɗa wani abu ruwan hoda, ya ɗora a faranti, ya kai da rusunawa, ya bi da dogon bayani kan tarihin kofin. Jakada ya kurɓa, ya gyaɗa kai, sannan ya tambayi Wadad a hankali ko akwai arak, giyar gargajiyar ƙasar, a gidan.

Akwai kuwa. Ƙanenta Tanyus yana kicin ya baje zaitun da kokwamba, yana tsiyayawa a kofunan shayi. Jakada ya shiga kicin ɗin, ya ja kujera ya zauna. Da ɗaiɗai da ɗaiɗai baƙi suka zame suka bi shi, har mai kantin magani. Dariya ta cika kicin. Farfesa ya tsaya a falo yana goge kofuna, yana gaya wa ransa kwarjinin kayan ne ya kore su.

Da jakada ya tashi tafiya, Farfesa ya gyara ƙullin wuya, ya matso bakin ƙofa, kalaman gabatar da kansa a shirye. Jakada ya miƙa masa kofin shayin ba tare da ya dube shi ba, ya juya ga Wadad.

"Madam, ki gaishe mini da maigidan, Allah bai yi mun gana ba. Wannan ma'aikacin naku kuwa akwai surutu, amma ya iya goge kofi. Ki aro mini shi ranar Asabar."

Wadad ta dubi mijinta tun daga takalmi har ƙullin wuya.

"In sha Allahu, ranka ya daɗe. Da wuri zai zo."