Aljanin da Ya Biyo Jirgina

Da na yi ritaya sai na koma wasa da ƙaramin jirgi mai rimot, ina cika baki ba wanda ya kai ni saninsa. Rannan na tashe shi a saman tsofaffin ramukan kuza na Riruwai, inda ko makiyaya ba sa tsayawa don tsoron aljanu.

Na dawo gida na ajiye shi. Ina zama, farfelarsa ta kama juyawa ita kaɗai. Na miƙe, ta tsaya cak. Na koma na zauna, ta sake kamawa. Nan take na aika aka ɗauko Malam. Yana cikin tofi matata ta leƙo.

"Alhaji, a kan rimot fa kake zama."

Har yau in zan zauna a majalisa sai an ce, "A hankali, Alhaji, kar ka tashi mutanen Riruwai."