Takarar Pyo Tae-gyun, Shi Kaɗai Tilo

Idan ana lissafin manyan mutanen da Koriya ta haifa, a ajiye wa Pyo Tae-gyun kujera a sahun gaba. In an manta ma ba komai, zai zo da tasa. Shekararsa ashirin da shida, yana aji uku a sashen nazarin siyasa na jami'armu da ke Chuncheon. Ya yi aikin soja ya dawo, kuma ba wanda ya taɓa zama da shi minti biyar bai ji yadda ya tsare iyakar ƙasa ba. Waɗanda suka yi tare da shi sun ce a ofis ya ƙare wa'adinsa, yana buga takardu kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Amma ai mahassada ba sa rasa abin faɗa.

Mu masu shara a ginin ɗalibai muna kiransa Shugaba Gobe.

A bana ya fito takarar shugaban ƙungiyar ɗalibai, babu abokin karawa. Shi ya ce tsoronsa aka ji. Gaskiyar ita ce neman aiki ya sha kan yaran yanzu, ba mai lokacin kujera. In ɗan takara ɗaya ne, layi biyu ne a takardar ƙuri'a: na yarda, ko ban yarda ba. Dokar ƙungiya ta ce sai rabin ɗalibai sun jefa kafin a buɗe akwati. In ba su kai ba, a ƙone takardun ba tare da an duba ba, a sake zaɓe a watan Maris. Wanda kuwa aka buɗe aka tarar an ƙi shi, ba ya sake tsayawa. Shugaba Gobe ya jinkirta gama karatunsa shekara guda saboda kujerar nan, ya kuma riga ya shaida wa danginsa kaf cewa ta zama tasa.

Kullum ƙarfe takwas na safe, cikin sanyin Nuwamba, yakan jera ƙannensa na sashe su goma sha biyu a bakin ƙofar makaranta, cikin shuɗiyar riga iri ɗaya. Suna rusunawa har goshi ya kusa taɓa gwiwa, suna cewa, "Za mu yi muku hidima!" Shi yana tsakiya cikin kwat, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wai bayansa ya samu rauni a soja. Bayan nasa kuwa yana da hankali, da mai ɗaukar hoto ya iso sai ya warke.

Son talaka kuwa, ba a magana. Wata safiya ya tarar da Inna Geum-rye, wadda ta shekara goma sha tara tana sharar harabar nan, ta gama tattara ganyen da ya zuba ta ɗure a buhuna. Ya dafe ƙirji.

"Inna, kawo tsintsiyar nan! Daga yau wahalarku ta ƙare. Ku ne ginshiƙin wannan jami'a, ku ne iyayenmu!"

"To ɗana, ga buhu shida nan, kai min su bayan gini."

Bai ji wannan ba. Ya duba ƙasa, ya ga fes take, ba abin da zai fito a hoto. Ya sa aka zazzage buhu biyu. Ya ja tsintsiya sau uku, aka ɗauki hoto, ya miƙa mata da hannu bibbiyu, don shi mai ladabi ne, ya wuce. Iska ta yi nata aikin. Inna ta bi shi da kallo ta ce, "To, ginshiƙi, koma shara."

Ranar jin manufofi, zaure mai cin mutum ɗari biyar ya samu ashirin da uku. Ya yi awa guda yana zuba.

"'Yan uwana ɗalibai, ni ba mulki nake so ba. Tarihi ne ya ƙwanƙwasa ƙofata, kunya ta hana ni in ce ba na nan."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta ce ruwan zafi ya yi sati uku ba ya zuwa ɗakin kwanan mata, me zai yi a kai?

"Ƙanwata, tambayarki ƙarama ce. Ni makomar ƙarni nake magana."

Ta tashi ta fita. Aka koma ashirin da biyu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Aka yi kwana uku ana zaɓe. Da aka ƙirga waɗanda suka zo, kashi arba'in da ɗaya ne cikin ɗari. Ma Eun-sol, wadda ta tsaya masa mataimakiya, ita ce kuma ta rubuta duk abin da ke da ma'ana a takardunsa, ta ja shi gefe a kan matakala. Muna goge ƙasa, mun ji.

"Yaya, bar shi haka. Waɗanda ba su zo ba nauyinka suke ji, shirun nan rufin asiri ne. A ƙone akwatin, mu gyara, mu dawo a Maris."

"Ke Eun-sol, yarinya ce har yanzu. Jama'ata suna can suna ƙishirwata, sanyi ne kawai ya hana su fitowa."

"Yaya, sanyin bai hana su layin taliya ba."

Ya wuce ta, ya je kwamitin zaɓe, ya nemi ƙarin kwana ɗaya. Aka ba shi.

Ni shaida ne, ranar nan Pyo Tae-gyun ya yi aiki, karo na farko da na gani. Ya shiga laburare da lasifika, saura sati biyu jarrabawa. Ya tare ƙofar azuzuwa. Ya shiga ɗakin cin abinci yana tsayawa a kan mutane, shinkafa na bakinsu.

"Kai, wace shekara ka shigo? To ƙanina ne kai. Ajiye cokali, tashi mu je."

A nan ƙarami ba ya ce wa babba a'a ido da ido. Haka suka riƙa tashi, suna barin miya tana hucewa, suna sunkuyawa, "To, Yaya." Ya raka su har bakin rumfar zaɓe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga musu labule da hannunsa. Abin da ba a koya masa a sashen siyasa ba shi ne, bayan labule babu yaya babu ƙani. Biro ne da takarda da mutumin da aka raba da abincinsa.

Ƙarfe biyar na yamma aka haye rabi da mutum ashirin. Ya ɗaga hannu sama, ya gode wa tarihi, ya aika a kawo masa furanni.

Washegari da safe ya iso da sabuwar kwat da jawabin godiya shafi huɗu. Sakamakon yana manne a allo. Na yarda, dubu ɗaya da ɗari uku. Ban yarda ba, dubu biyu da ɗari bakwai da ashirin. Ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama, ko za ta sauya.

"Kwamiti sun juya layukan," in ji shi.

"Ba su juya ba, Yaya," Eun-sol ta ce. "Ina wurin aka ƙirga. Sau biyu."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekarata da yawa a makarantar nan, na ga masu faɗuwa zaɓe iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya bi maƙiyansa har kan abinci ya kai su rumfa da ƙafarsa ba. An yi tsere da mutum ɗaya tak, kuma ya zo na biyu.